Telan Halab da Rigimar Kalmar Basasa

Alhaji Nasiru, Istanbul:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Yau mako uku ke nan da na kawo maganar wani bawan Allah a wannan zaure, kuma in ban da mutum biyu da suka ce Allah ya kawo sauƙi babu wanda ya tanka, alhali ranar 8 ga Disamba 2024, da labari ya zo cewa shugaban Siriya Bashar Assad ya tsere zuwa Mosko, sai da wayata ta yi zafi saboda kabbarori da hotunan tuta mai taurari uku da kuka yi ta turowa har asuba. Zan maimaita maganar, wanda zai ji haushina ya ji.

Mutumin tela ne ɗan Halab, wato birnin Aleppo na Siriya, shekara takwas muna hulɗa. A wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa a unguwar Zeytinburnu yake ɗinka mini jallabiyoyin da nake aikawa Kano, da keke huɗu da 'ya'yan ƙanwarsa biyu. Ya baro unguwar Sha'ar ta gabashin Halab a 2014, lokacin da jirage masu saukar ungulu suke sako duro cike da abin fashewa a kan unguwanni. Da gwamnati ta faɗi bai yi shawara da kowa ba, ya sayar da keke biyu, ya bi ta mashigar Babul Hawa da ke iyakar Turkiyya da Siriya ya tafi ganin gida. Na ga bidiyon da ya ɗauka da idona. Benen yana tsaye, amma hawa na uku inda suke babu bangon da ke kallon titi, an cire ƙofofi da tagogi, an zare wayoyin lantarki daga cikin bango, ko kan famfo ba a bari ba. Abin da ya rage a kicin ɗin mahaifiyarsa shi ne layi biyu na shuɗin tayil, kuma a nan muryarsa ta sarƙe ya kashe wayar.

Yanzu yana kwana a shagon wani ɗan uwansa. Wutar gwamnati ba ta isa a riƙe sana'a da ita, kuɗin janaretan unguwa kuma ya fi ƙarfin mai keke ɗaya. Matarsa da 'ya'ya uku suna nan Istanbul da katin kariya na wucin gadi, biyu daga cikin yaran a nan aka haife su, Turkanci suke karantawa, Larabcinsu na cikin gida ne kawai. Idan matar ta sa hannu a takardar komawa bisa raɗin kai, katin ya tafi ke nan. Abu biyu na roƙa: shawarar da zan ba shi a kan iyalin, da gudummawar da za ta saya masa farantan sola da batir. Yaƙin basasar Siriya ya raba fiye da rabin mutanen ƙasar da gidajensu, sama da miliyan 6 suka ƙetare iyaka, kusan miliyan 7 suka watsu a cikin ƙasa, kuma ni dai abin da na gani shi ne komawar ba ta fi gudun sauƙi ba. Tsugune ba ta ƙare ba. Masu kabbara, ina kuka shiga?

Malam Auwalu, Zariya:
Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya saka maka da alheri a kan wannan bawan Allah. Sai dai akwai gyara guda da ba zan iya yin shiru a kanta ba, domin kalma tana iya wanke mai laifi ba tare da mai faɗarta ya sani ba. Abin da ya faru a Siriya ba yaƙin basasa ba ne. Wanda ya ce basasa yana nuna cewa ɓangare biyu ne suka tashi da makami suka fuskanci juna, kowa da rabonsa na laifi. To a watan Maris na 2011 a Dar'a wane makami ne a hannun yaran da suka yi rubutu a bangon makaranta aka kama su aka azabtar? Wane makami ne a hannun iyayen da suka fito neman 'ya'yansu aka buɗe musu wuta? Watanni aka yi ana fitowa bayan sallar Juma'a babu makami a hannu kafin wani ya ɗauki bindiga. Gidan Assad kuwa ba a ranar suka fara ba, mahaifin Bashar, Hafiz, ya ragargaza Hama a 1982. Mutanen ƙasar da kansu thaura suke cewa, wato juyin juya hali, kuma ina roƙon Alhaji ya janye kalmar basasa.

Malam Jafaru, Sakkwato:
Karon farko da na yarda da Malam Auwalu, ko da yake hanyarmu ba ɗaya ba ce. Lallai ba basasa ba ce, amma kuma ba juyin juya hali ba ne, yaƙi ne da aka ɗora wa ƙasar daga waje. Wane irin juyin juya hali ne hukumar leƙen asirin Amurka take horar da mayaƙansa tana ba su makamai, har sai da Trump ya rufe shirin a 2017? Kuɗin Katar da na Saudiyya sun shiga, Turkiyya ta bar iyakarta a buɗe, mayaƙa suka yi ta kwarara daga Tunisiya da Ceceniya da ƙasashen Turai, har Da'ish, wato ISIS, ta mai da Raƙƙa hedikwatarta. Sojojin Amurka suka zauna a kan rijiyoyin man gabashin ƙasar, shugabansu kuma ya faɗa da bakinsa cewa saboda man suka tsaya. Sannan ku dubi abin da ya biyo bayan 8 ga Disamba: cikin 'yan kwanaki Isra'ila ta kai ɗaruruwan hare-hare ta ƙone jiragen yaƙi da rumbunan makaman Siriya, ta haye dutsen Jabalus Shaikh ta zauna. Ruwa ba ya tsami banza. Ku nemi wanda ya ci riba, za ku san sunan yaƙin.

Malam Auwalu:
Da ma na san 'yan koren Tehran ba za su bari a yi nisa ba. Ka lissafa baƙin ɓangare ɗaya ka haɗiye na ɗayan. Wa ya kawo Hizbullah Ƙusair a 2013? Wa ya kwaso talakawan Afganistan ya sa musu suna Faɗimiyyun ya tura su su mutu a Halab? Jiragen da suka fara ruwan wuta ranar 30 ga Satumba 2015 na wace ƙasa ne, in ba Rasha ba?

Malam Jafaru:
Gwamnatin da take da kujera a Majalisar Ɗinkin Duniya ce ta gayyace su, kuma tsakanin baƙon da mai gida ya kira da wanda ya hauro ta katanga akwai bambanci. Maganar ɗan kore kuwa, Malam, ka iya bakinka, domin mu ma mun san masu jiran riyal, ba mu dai faɗa ba ne.

Baba Garba, Kaduna:
'Ya'yana, ku bar ni in sa baki, domin kalmar da kuke ja a kanta na san ta tun kafin a haifi yawancinku. Ina da shekara 18 na shiga soja a 1968, kuma a bakin Onica na ga abin da har yau ba na son a yanka rago a gabana. Yaƙinmu ya fara a Yulin 1967 ya ƙare a Janairun 1970. Ingila ta ba gwamnatin tarayya makamai, Tarayyar Sobiyat ta ba da jirage, matuƙa daga Masar suka tuƙa su, Faransa kuma ta taimaki Biyafara ta hanyar Gabon da Kodebuwa. Duk da wannan hannun baƙi babu wanda ya taɓa cewa ba yaƙin basasa muka yi ba. Idan ɗan ƙasa ya harbi ɗan ƙasa shekara da shekaru, kowane ɓangare yana riƙe da garuruwa, basasa ce, ko da wa ya fara, ko da wa ya sayi harsashin. Kalmar ba ta raba laifi daidai, suna ne kawai na irin masifar.

Kuma Alhaji Nasiru ya taɓo inda yake mini ciwo. Bayan an ajiye bindiga ne aka shiga wata wahalar. Mutum ya dawo ya tarar da wani a gidansa, kamar yadda aka yi a Fatakwal, wanda kuma ya yi hulɗa da asusunsa na banki a lokacin yaƙi fam 20 aka ba shi komai yawan abin da ya ajiye. Telan nan na Halab na gane halin da yake ciki.

Malama Hadiza, Katsina:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana. Ina so in ƙara wani abu daga ɓangaren harshe, tun da shi nake koyarwa. Kalmar basasa daga Larabci muka aro ta, daga yaƙin Basus na zamanin jahiliyya. Basus sunan wata mata ce. Kulaib, shugaban Taglib, ya harbe wata taguwa da take ƙarƙashin kariyarta saboda ta shiga makiyayarsa, sai Jassas, ɗan 'yar uwarta daga ƙabilar Bakr, ya kashe Kulaib, alhali Kulaib mijin 'yar uwar Jassas ne. Ƙabilun biyu kakansu ɗaya, amma suka shafe shekara 40 suna kashe juna. Saboda haka asalin ma'anar ita ce yaƙin dangi da ya ƙi ƙarewa, ba yaƙin da ƙarfi ya zo daidai ba. A wannan ma'ana ban ga inda Alhaji ya yi kuskure ba.

Malam Auwalu:
Subhanallahi. Malama, yanzu jinin yaran Dar'a ne kike kwatantawa da taguwa? Sannan a wane ƙamus kika ga wannan? Ni na yi shekaru ina zama gaban malamai ban taɓa jin an danganta basasa da Basus ba. Ba kowace kalma da ta yi kama da wata ce 'yarta ba.

Malama Hadiza:
Malam, ban kwatanta jinin kowa da dabba ba, asalin kalma na faɗa, kuma ka san haka. Rashin jinka ba hujja ba ne a kan wanda ya ji. Da namiji ne ya kawo wannan bayani da ka ce Allah ya ƙara ilimi, amma tun a muhawarar bara na lura duk abin da na rubuta sai ka nemi shafi da layi, kai kuwa ko sau ɗaya ba ka taɓa kawo naka ba.

Sadiƙu, Gusau:
Allah gafarta Malama, ni a wani karatu da na saurara na ji cewa a kan tseren dawaki aka yi wannan yaƙin na shekara 40, ba a kan raƙumi ba. Ko dai mai karatun ne ya yi kuskure?

Malama Hadiza:
Ɗana, yaƙi biyu ka haɗa. Na dawaki shi ne Dahis da Gabra, tsakanin Abs da Zubyan. Na taguwa shi ne Basus, tsakanin Bakr da Taglib.

Sadiƙu:
Na gode Malama. To amma idan haka ne, me ya sa Bahaushe bai ce yaƙin dahisa ba?

Usman, Gadarif:
Salamu alaikum iyayena da yayyena. Ni Bahaushen Sudan ne, a unguwar Mayo ta kudancin Khartum na tashi, kuma ban saba magana a nan ba, amma maganar Alhaji Nasiru ta hana ni barci. A zamanin Umar Bashir 'yan Siriya suna shigowa Sudan ba tare da biza ba, lokacin da ƙasashe da yawa suka rufe musu ƙofa, suka buɗe gidajen abinci da gidajen burodi a unguwar Riyad da titin Sittin. Shekara huɗu na yi ina aiki a gidan burodin wani mutumin Hims. Shi ya koya mini murza ƙullu da gwada zafin tanda da bayan hannu. Ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙinmu ya ɓarke. Bayan kwana tara ya tara mu mu shida, ya raba mana buhunan fulawar da suka rage, ya kwance injin na'urar kwaɓa ƙullu ya naɗe a bargo, ya ce wannan ne karo na biyu da yake barin tanda da zafinta. Ya nufi Bur Sudan, mu muka nufi Madani, daga baya Madanin ma ta faɗi muka ƙaro gaba.

Ban taɓa jin ya damu da sunan da za a kira yaƙin ba. Wani lokaci ya ce thaura, wani lokaci ya ce abubuwan da suka faru, wani lokaci ya ce yaƙi kawai. Shawarata ga telan ita ce kada iyalin su sa hannu a komai sai ya sami ɗaki mai ƙofa da ruwa da makarantar da za ta karɓi yaran. Takarda idan ta fita daga hannun ɗan gudun hijira ba ta dawowa. Gudummawata ba ta da yawa, amma zan aiko.

Malam Jafaru:
Allah ya mayar da ku gida lafiya, Usman. Ka ga ka ƙarfafa maganata ba ka sani ba, domin yaƙin Sudan ma kowa ya san da hannun waje a cikinsa. Kuma shi Bashir ɗin da ka ambata ai shi ne shugaban Larabawa na farko da ya je Dimashƙa tun fara yaƙin, a Disambar 2018, sauran suka biyo baya, har Ƙungiyar Ƙasashen Larabawa ta mayar wa Siriya kujerarta a Mayun 2023, Assad ya zauna a taron Jidda. Idan Assad azzalumi ne kamar yadda Malam Auwalu yake faɗa, me ya sa mutanen Malam ɗin na Saudiyya suka shimfiɗa masa darduma?

Usman:
Malam, ni ban ƙarfafa maganar kowa ba. Waɗanda suka fasa gidanmu a Mayo da lahajar Sudan suke magana.

Alhaji Nasiru:
Jama'a, an bar jaki ana dukan taiki. Ku kira shi basasa, ku kira shi thaura, ku kira shi duk abin da kuka ga dama, ni na yarda. Mutumin nan yana jiran amsata ranar Juma'a.

Malam Auwalu:
Alhaji, yi haƙuri, za a zo kan maganarka, amma ba za a bar ɓarna ta wuce ba. Malam Jafaru yana tambayar ko azzalumi ne. Ya je ya tambayi iyayen da suka cika harabar kurkukun Saidnaya a Disambar 2024 suna bin takardun da suka watse a ƙasa ɗaya bayan ɗaya suna neman sunan 'ya'yansu. Ya tambayi mutanen Guɗa da aka sako wa iskar sarin ranar 21 ga Agusta 2013 suna barci, da na Khan Shaikhun a Afrilun 2017, wanda masu binciken Majalisar Ɗinkin Duniya suka ɗora alhakinsa a kan gwamnati. Ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar ya ƙiyasta fararen hula 306,887 da aka kashe daga Maris 2011 zuwa Maris 2021, ban da waɗanda yunwa da rashin magani suka kashe. Masu cewa Assad garkuwar Falasɗinawa ne kuma su gaya mana wa ya killace sansanin Yarmuk har Falasɗinawa suka ci ciyawa, su gaya mana me ya fitar da shugabannin Hamas daga Dimashƙa a 2012.

Malam Jafaru:
Adadin da ka kawo bai ce mutum ɗaya ne ya kashe su duka ba, akwai na Da'ish a ciki, akwai na jiragen Amurka a Raƙƙa, akwai na rokokin 'yan tawaye a yammacin Halab. Tun da kuma ƙidaya muke yi, ƙidaya mana na watan Maris 2025 a gaɓar teku, a Baniyas da ƙauyukan Lazikiyya, inda aka bi Alawiyyawa, 'yan aƙidar su Assad, gida gida. Kwamitin da sabuwar gwamnatin ta kafa da kanta ya ce sun haura 1,400. Ƙidaya mana na Suwaida a watan Yuli. Shi kuma jagoran naku da ya karɓi mulki bayan Assad, wanda Amurka ta taɓa sa dala miliyan 10 a kansa yana Julani, ba shi ne ya sa kwat ya gaisa da Trump a Riyad a Mayun 2025 yana Ahmad Shara ba? Akwai wani bidiyo da na gani wanda ya bayyana yadda aka shirya komai tun da daɗewa, zan nemo shi in turo.

Malam Auwalu:
Abin da ya faru a gaɓar teku ragowar sojojin Assad ne suka fara shi da kwanton ɓauna ga jami'an tsaro, kuma ba mu goyon bayan kashe wanda bai ji ba bai gani ba. Bidiyon naka kuwa tun bara kake nemo shi.

Malam Tijjani, Maraɗi:
'Yan uwa, ni a ganina duka kun kauce. Sunan abin fitina ne. Malamanmu sun yi gargaɗi tun 2011 cewa fito na fito da mai mulki, ko da azzalumi ne, ɓarnarsa takan fi gyaransa yawa, ga shi kuwa an gani: shekara 13 da watanni, Halab da Hims sun zama kufai, yara sun girma a tantunan Za'atari na Jodan da kwarin Biƙa na Labanan ba su san garinsu ba. Da an yi haƙuri da telan Alhaji yana cikin gidansa da bangonsa huɗu.

Malam Auwalu:
Haƙurin shekara 54 bai isa ba, Malam Tijjani? Daga 1970 zuwa 2024 gida ɗaya yana mulki. Wannan fatawar taku kullum a kan wanda aka danne take sauka. Ina kira ga shugaban zaure ya duba maganganun Malam Jafaru, domin ƙa'idarmu ta hana kare masu kisan Musulmi.

Malam Jafaru:
Ga shi nan, an zo wurin. An cire ni a watan azumi a kan ƙasa da wannan, sai da dattawa suka sa baki aka dawo da ni, wanda ya zage ni a lokacin kuwa ko gargaɗi ba a yi masa ba saboda makarantarsu ɗaya da shugaba. A cire ni, ba yau aka fara ba.

Hajiya Safiya, Jamus:
Ina aikin jinya a nan shekara tara, kuma a sashenmu likitoci biyu 'yan Siriya ne, domin a cikin likitocin da suka zo Jamus daga waje babu waɗanda suka kai su yawa. Washegarin faɗuwar Assad hukumar kula da masu neman mafaka ta dakatar da yanke hukunci a kan takardun 'yan Siriya, wasu 'yan siyasa suka fara maganar jiragen mayar da su, asibitoci kuma suka shiga fargabar wa zai riƙe musu aiki. Ɗaya daga cikin likitocin ya sami takardar zama ɗan ƙasa, ya je Dimashƙa da hutunsa, ya dawo ya ce zuciyarsa tana can amma makarantar 'ya'yansa tana nan. Hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce zuwa Satumbar 2025 mutum miliyan ɗaya sun koma daga ƙasashen waje, wato mafi yawa ba su koma ba tukuna. Alhaji, ina tare da Usman: uban ya zauna ya gyara ɗaki ɗaya, yaran su ƙarasa shekarar karatu, kuma a fara koya musu karatun Larabci tun yanzu. A gargaɗe shi kada ya bar yara su yi wasa a kufai idan sun je, domin abubuwan fashewa da ba su tashi ba suna nan suna kashe masu komawa.

Sadiƙu:
Malama Hadiza, na tambayi wani malami a unguwarmu ya ce shi ma ya san maganar Basus. Malam Auwalu, ko za ka janye?

Malam Auwalu:
Yaro, ba da kai nake ba.

Malam Kabiru, shugaban zaure:
Assalamu alaikum. Ganin yadda magana ta yi tsawo, zan taƙaita abin da aka cimma sannan a rufe wannan babi. Alhaji Nasiru ya kawo batun wani ɗan uwa da ya koma Siriya bayan Allah ya kawar da azzalumi, wanda wannan komawa ita kanta shaida ce ta alherin da aka samu. A cikin bayaninsa ya yi amfani da kalmar basasa, Malam Auwalu ya yi masa gyara cikin hikima da hujjoji masu ƙarfi na tarihi da alƙaluma, Alhaji kuma ya ce ya yarda. Baba Garba ya ba mu labarin zamaninsu, muna godiya, ko da yake yanayin Nijeriya daban ne. Malama Hadiza ta kawo wani ra'ayi a kan asalin kalmar wanda ba a tabbatar da shi ba. Malam Tijjani ya yi nasiha. Wani ɗan uwa ya yi ƙoƙarin karkatar da magana zuwa kare gwamnatin da ta shuɗe ba tare da hujja ba sai alkawarin bidiyo, kuma wannan ne gargaɗi na ƙarshe gare shi. Matsayar zaure ita ce abin da ya faru a Siriya juyin juya hali ne na al'ummar da aka zalunta, kuma daga yau haka za a riƙa rubutawa a nan.

Baba Garba:
Kabiru, ɗana, Alhaji bai ce ya yarda da Auwalu ba, cewa ya yi a kira shi duk abin da aka ga dama. Usman da Hajiya Safiya, waɗanda su kaɗai suka amsa tambayar da aka yi, ko sunansu ba ka ambata ba. Kuma ban san lokacin da aka ƙidaya hannu har aka sami matsayar zaure ba.

Malam Kabiru:
Allah ya huci zuciyar Baba, taƙaitawa ce, ba a iya kawo komai. An rufe.

Alhaji Nasiru:
Kafin a rufe ɗin, ga lissafi saboda amana. Mutum huɗu ne suka aiko: Baba Garba, Malama Hadiza, Hajiya Safiya, da Usman daga Gadarif, wanda na so in mayar masa da nasa ya rantse ba zai karɓa ba. Kuɗin sun kai na batir, farantan zan cika daga aljihuna. Na kira telan na gaya masa shawarar a bar yaran su ƙarasa shekara, ya ce matar ma haka ta ce. Ya sami wani maƙeri a unguwar da zai haɗa masa ƙofar ƙarfe bashi, bangon titin kuma zai fara toshe shi da leda da katako kafin sanyi ya shigo.